Bangon unguwa: a bar wa gwani ko kowa ya sa hannu?

Maman Ilham:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema, kuma don Allah a faɗa min gaskiya ko da za ta yi ɗaci. Akwai wani dogon bango a layinmu da ya fi shekara goma babu mai waiwayarsa, sai takardun talla da ake mannawa da sharar da ake jibgewa a gindinsa. Mu maƙwabta muka ce mu haɗu mu kwashe sharar, mu yi masa zane mu da yaranmu. Wani ya kawo fenti, wani buroshi, wani ƙarfinsa. Mai bangon ya amince. Sai muka nemi wani matashi da ya iya zane ya ja mu. Da ya ji kusan mutum arba'in ne za su sa hannu, har da yara da tsofaffi, sai ya ce shi dai a ba shi kayan aiki da mutum biyu, cikin kwana huɗu zai gama, kuma zai fi kyau nesa ba kusa ba. Wallahi na san gaskiya ya faɗa. Amma raina bai kwanta ba, kuma na rasa abin da zan ce masa. Taurin kai nake yi?

Mai Buroshi:
Wa alaikumus salam Hajiya. Sana'ata ke nan, saboda haka zan tsaya wa yaron. Fenti ba ya jin lallashi. Wani zai labta shi da kauri ya zubo kamar hawaye, wani zai tsoma buroshin shuɗi cikin bokitin rawaya, yaro ɗaya ya isa ya ɓata aikin yini guda cikin minti biyar. In an gama kuma, duk wanda ya wuce ba zai ce "mutum arba'in ne suka yi" ba, cewa zai yi "wane ne ya zana wannan?" Sunan yaron ne zai ɓaci. Ku taya shi kankare bango da shafen farko, ku bar masa sauran.

Ɗan Auta:
Ni dai in za a ba ni buroshi, a tanadi fentin gyara tun yanzu.

Malam Tukur:
Hajiya, ba taurin kai kike yi ba. Ke da yaron nan abu biyu kuke nema, shi ya sa maganarku ta ƙi haɗuwa. Shi hoto yake so ya fito. Ke kuma, in na fahimce ki, so kike a daina zubar da shara a wurin, kuma mutanen layin su san juna. Hoto mai kyau shi kaɗai ba ya kawo wannan.

Bari in ba ki labarin wani mai fasaha Bajamushe, Joseph Beuys. A 1982 aka gayyace shi babban baje kolin fasaha da ake yi a birnin Kassel duk bayan shekara biyar. Maimakon ya rataye wani abu a ɗaki, sai ya sa aka jibge dogayen baƙaƙen duwatsu guda 7,000 a dandalin gaban gidan tarihin birnin. Ya ce babu dutsen da zai bar wurin sai an dasa bishiya a wani gefen gari an kafa dutsen kusa da ita. Mutanen gari da yawa suka harzuƙa, sun ga an mayar musu da dandali wurin jibge duwatsu. To amma hanya ɗaya ce ta raba su da tulin, a yi dashe. Unguwanni da makarantu da ɗaiɗaikun mutane suka shiga neman wuraren da za a dasa, ana jayayya da hukuma kan wane gefen titi za a fasa. Shekara biyar aka yi ana wannan. Shi Beuys ya mutu a 1986 bai ga ƙarshe ba, ɗansa ne ya dasa ta ƙarshe a 1987. Da ya ɗauki 'yan kwangila da sun gama cikin watanni. Da gangan ya zaɓi doguwar hanyar, don jayayyar da haɗuwar su ne abin da yake sassaƙawa.

Mai Buroshi:
Allah ya gafarta Malam, dashen bishiya kowa ya iya. Haƙa rami ne. Zane ba haka yake ba.

Nafisa:
Yaya Mai Buroshi, ai masu sana'arku sun daɗe da warware wannan matsalar. A birnin Filadelfiya na Amurka akwai shirin zanen bango da ya faro a 1984, daga yunƙurin hukumar birnin na hana matasa rubuce-rubuce a bangon mutane. Wata mai zane, Jane Golden, ta jawo su kansu masu rubutun cikin aikin. Yau zanen da shirin ya samar sun haura 4,000. Yadda suke yi a ayyuka da yawa: ba a kan bangon ake fara fenti ba. Gwanin zai fitar da hoton a kan wani irin ƙyalle mara nauyi, a yayyanka shi gida-gida, a ja layukan, a sa wa kowane gurbi lambar launinsa. Ranar fenti sai a shimfiɗa ƙyallayen a kan tebura, yaro da tsohuwa da mai keken guragu kowa ya cike gurbinsa. Daga nan gwanaye su bi su gyara, su sa haske da inuwa, a manna a bango. Babu yaron da ya hau tsani, babu fentin da ya zubo a kan aikin wani, kuma shekaru bayan nan mutum zai tsaya ya nuna wa ɗansa kusurwar da ya shafa.

Mai Buroshi:
Wannan dabara ce, na yarda. Ko a bango kai tsaye ana iya yin hakan a ƙasa-ƙasa inda hannu ke kaiwa. Sai dai fa aikin yaron ya ninka, bai ragu ba. Tsarawa, haɗa launuka tun kafin jama'a su zo, bin bayan kowa. Kwana huɗunsa ya koma wata guda.

Abban Sadik:
Yauwa, an zo inda nake jira. Kowa na ta yabon sa kai, babu mai tambayar wa ke cin moriyar. Na taɓa shiga irin wannan. Wani kamfani ne ya kawo fenti da riguna masu tambarinsa, muka wuni a rana muna shafa bangon wata makaranta. Wajen la'asar manya suka iso da masu ɗaukar hoto, aka ba kowannensu buroshi mai tsabta ya riƙe, aka ɗauka, suka shiga mota. Washegari hoton ya bazu, mu muna can baya kamar itatuwa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Tun daga ranar in na ji an ce "zo mu haɗa hannu" sai na duba hannun wa zai fito a hoton.

Kuma kada a ce manyan masu fasahar duniya sun fi ƙarfin wannan. A 2002 wani mai suna Francis Alÿs ya tara mutum 500 a bayan birnin Lima na ƙasar Peru, ya ba kowa shebur, suka jeru suka matsar da wani tudun yashi kamar santimita goma. Santimita goma! A gefen tudun akwai talakawa zaune a bukkoki. Masu shebur ɗin galibi ɗalibai ne da aka kwaso. Iska ta mayar da yashin, shi kuma hotunan da bidiyon suna yawo gidajen baje koli da sunansa har yau. A gaya min wace al'umma aka gina a nan in ba aikin baban giwa ba.

Malam Tukur:
Abban Sadik, kan kamfanin nan ban da ta cewa, ka yi gaskiya. Shi kuwa mai tudun yashi bai taɓa cewa unguwa yake ginawa ba. Misali yake bugawa, a lokacin da ƙasar ke fitowa daga mulkin Shugaba Fujimori: wahala mai yawa, sakamako ƙanƙane. Kana iya cewa misalin bai cancanci gumin mutum 500 ba, ni ma ina da ja a kai. Amma amfanin kawo shi nan shi ne ya nuna mana cewa tara jama'a daban, gina jama'a daban. An tara su yini guda, an watse, ba su da abin da zai sake haɗa su.

Abban Sadik:
To ai shi ya sa na fi ganin mutuncin Christo da matarsa Jeanne-Claude. Su ne suka naɗe ginin majalisar Jamus da ƙyalle a 1995, suka kafa ƙofofi 7,503 masu ruwan goro a babban lambun New York a 2005. A lokacin rayuwarsu ba sa karɓar aikin sa kai, duk wanda ya yi musu aiki sai sun biya shi. Ba sa karɓar kuɗin kamfani, zanen shirye-shiryen aikin suke sayarwa su biya komai. Aikinsu ne, sunansu ne, to su biya. Babu yaudara.

Nafisa:
Baban Sadik, ka ba da amsar da kanka ai. Aikinsu ne, shi ya sa suka biya. Bangon Anti Maman Ilham na waye? In na mutanen layin ne, babu wanda zai biya ka don ka share ƙofar gidanku. In kuwa na mai zanen ne, su kuma hannuwa ne kawai da aka ara, to maganarka ta hau. Saboda haka tambayar ba "an biya ko ba a biya ba" ce. Wa ya yanke abin da za a zana? Akwai wata Ba'amurkiya, Sherry Arnstein, da a 1969 ta kwatanta shigar da jama'a cikin ayyuka da tsani mai matakai takwas. A ƙasa ana amfani da mutane ne kawai, a tsakiya ana jin ta bakinsu a yi abin da aka ga dama, sai a can sama ne suke da ikon yanke hukunci. Rigar kamfanin nan da ka sa, matakin farko ke nan.

Ɗan Auta:
Ni yanzu na gane a tsanin nan ni ne mai riƙe shi daga ƙasa.

Gwaggo Mai Surfani:
'Ya'yana, na daɗe ina karantawa ban tanka ba, don ni ban san fenti ba, allura da zare na sani. Amma akwai abin da duk ba ku faɗa ba. Lokacin da mutane ke aiki da hannu gefe da gefe, ido yana kan aikin, ba ya kan fuskar juna, shi ya sa baki yake sakewa. Matar da ba za ta taɓa zama gabanki ta ce mijinta ba shi da lafiya ba, za ta faɗa tana neman bakin zare. Na ga wannan ba sau ɗaya ba. In aka kira taro aka jera kujeru, mutum uku ne za su yi magana, su ne dai masu magana kullum. In aka shimfiɗa aiki, mai kunya ma tana da wurin zama da dalilin zuwa.

Kuma kada ku raina bashin da aiki ke haifarwa. Na ara miki almakashi, kin riƙe min gefe, ɗanki ya kai ni gida da dare. Waɗannan ƙananan basussukan su ne zumunci. Gwani shi kaɗai cikin kwana huɗu ba zai bar wa layin ko ɗaya ba.

Maman Ilham:
Gwaggo, Allah ya ƙara girma. Wallahi abin da na kasa faɗa wa yaron ke nan. Akwai gida biyu a layinmu da suka shekara uku ba sa gaisawa kan maganar magudanar ruwa, amma dukkansu sun ce za su fito.

Malam Tukur:
Maganar Gwaggo ta tuna min da bargon tunawa da waɗanda cutar ƙanjamau ta kashe. Wani ɗan gwagwarmaya, Cleve Jones, ya faro shi a San Faransisko, a zamanin da mutane ke ɓoye abin da ya kashe 'yan'uwansu saboda tsangwama, har wasu masu shirya jana'iza na ƙin karɓar gawar. Kowane iyali ko abokai su ɗinka ƙyalle ɗaya mai tsawon ƙafa shida da faɗin ƙafa uku, wato girman kabari, da sunan mamacin, wasu har da guntun rigarsa. A watan Oktoba na 1987 aka fara shimfiɗa shi a babban filin Washinton, ƙyalle 1,920. Yau sun kusa 50,000, nauyinsa ya haura tan 50. Akasarin waɗanda suka ɗinka ba teloli ba ne, wani ɗinkin a karkace yake. Babu wanda ya taɓa cewa a kawo gwani ya gyara. Karkacewar ita ce shaidar cewa uwa ce ta yi, ko aboki.

Mai Buroshi:
Malam, wannan makoki ne, wa zai duba kyau a wurin makoki? Bangon Hajiya kuwa kullum za a wuce ta gabansa. In ya yi muni, waɗanda suka yi shi ne za su fara jin kunyarsa, daga nan kuma shara ta dawo. Ina roƙon a daina ɗaukar kyau kamar wani abin alfahari na masu zane. Mutane ma suna son abin da suka sa hannu a ciki ya burge baƙo.

Gwaggo Mai Surfani:
Ɗana, a nan kam ina bayanka. Ba a tara mutane a kan aikin banza. Jikata ta nuna min wani dogon surfani da aka yi a Sikotlan, na tarihin ƙasarsu, an gama a 2013. Ƙyalle 160, masu ɗinki kusan 1,000, duk sa kai. Amma mutum ɗaya ne ya zana duka, Andrew Crummy, kuma akwai shugabar ɗinki da ke bin kowace ƙungiya. Shi ya sa in ka gani kamar hannu ɗaya. Kuma da aka sace ƙyalle ɗaya a 2015 lokacin da ake baje shi, matan da suka ɗinka shi suka sake zama suka ɗinka wani. Wannan ne ya tsaya min a rai. Wa ya sa su? Nasu ne aka ɗauka.

Abban Sadik:
Na ji, Gwaggo. Amma a lura, masu lokacin zama su yi surfani wata da watanni kyauta, mutane ne da cikinsu ya cika. Sa kai ma sai mai hali. Mai fita nema tun asuba ba zai zo ba, in an gama kuma a ce "al'umma ce ta yi", alhali rabin al'ummar ba ta san an yi ba.

Nafisa:
Wannan gaskiya ce kuma ita ce ta fi kashe irin waɗannan ayyukan. Maganinta shi ne kada a sa rana ɗaya tal, kuma kada a ce fenti kaɗai ne sa hannu. Wanda ya ajiye kayan a gidansa ya sa hannu. Wadda ta riƙe yaran wasu ta sa hannu. Tsohon da ya ba da labarin yadda layin yake a da, aka ɗauki wani abu daga labarin aka sa a zanen, ya fi mai buroshi sa hannu. Inda kuma aikin ya zama na kullum, a biya. A unguwar Santa Marta ta birnin Rio de Janeiro a Brazil, da wasu 'yan Holan biyu suka yi wa gidaje 34 fenti a 2010, matasan unguwar aka koya wa aikin kuma aka biya su.

Shi ya sa ni a ganina yaron nan naku, Anti, shi kam ku biya shi, ko yaya ne. Ku kuna gyara layinku ne, shi kuwa sana'arsa kuka kira.

Mai Buroshi:
Allah ya yi miki albarka, ƙanwata. Sai yanzu aka yi maganar da na fahimta.

Abu Hanan:
A yi haƙuri in shigo da wani gefe. Wasu maƙwabtan ba za su so a zana mutum ko dabba ba saboda addini, kuma ƙila su yi shiru a taro su ƙaurace daga baya. Gara a tambaya tun farko.

Nafisa:
Ƙwarai. Na Santa Marta ɗin ma babu mutum babu dabba, ratsin launuka ne kawai da suka ratsa gida zuwa gida. Kuma irinsa ya fi sauƙi ga wanda bai taɓa riƙe buroshi ba.

Shugaban Zaure:
Jama'a, na goge saƙo biyu na masu tallar fenti. A ci gaba, amma a tsaya kan batu.

Malam Tukur:
Abu ɗaya ya rage da ban ji an taɓo ba, kuma ni shi nake tsoro fiye da zubar fenti. Ranar aiki tana da daɗi, kowa zai zo. A 2014 dubban 'yan sa kai suka dasa jajayen furannin tangaran 888,246 kewaye da Hasumiyar Landan, fure ɗaya ga kowane sojan Birtaniya da ƙasashen da ke ƙarƙashinta da ya mutu a yaƙin duniya na farko. Jama'a suka yi ta roƙon a bar su, amma aka cire su bayan 11 ga Nuwamba kamar yadda aka tsara, aka aika wa waɗanda suka saya. Sun san ranar gamawa tun kafin su fara. Bango ba shi da ranar gamawa. Rana za ta ci launin, ja ne ma ke fara kwashewa, damshi zai taso daga ƙasa ya ɓamɓare fentin, wani zai zo ya manna talla. Bayan shekara biyu wa zai ce a fito? In babu amsa, gara ku zaɓi ƙaramin yanki da za ku iya riƙewa a kan ku cika bangon duka.

Mai Buroshi:
Tunda abin ya zo nan, ga nawa. A kankare tsohon fenti da duk inda siminti ya bubbuga, a wanke, a bar shi ya bushe sosai kafin shafen farko. Kada a yi fenti da tsakar rana a bango mai zafi, bushewa yake kafin ya kama. Launi kada ya wuce biyar ko shida, kuma mutum ɗaya ne zai riƙa haɗawa, ya rubuta awon kowane haɗi a littafi, don ranar gyara ba za ku tuna ba. Kowane launi da buroshinsa da kofinsa. Yara a ba su ƙananan kofuna, kada a ba su bokiti. Sama inda sai da tsani a bar wa yaron da manya biyu. A rage fenti na kowane launi a rufe da kyau. Sunaye kuma a rubuta na kowa a gefe, nasa a ciki, a matsayin wanda ya tsara.

Abban Sadik:
Har da na masu kwashe shara.

Mai Buroshi:
Su ne ma farko.

Maman Ilham:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na kira yaron ɗazu na karanta masa wasu daga cikin saƙonnin nan. Da na zo kan maganar biya ya yi dariya ya ce ai da da ita aka fara da ba a ja zance ba. Ya yarda zai kawo zane uku a takarda mu zaɓa, amma na ce masa a'a, ya fara zuwa ya zauna ya ji ta bakin mutane tukuna, sannan ya zana. Ya ce to, sai dai ranar fenti kada a ba shi yara fiye da goma a lokaci guda. Abin da ban warware ba shi ne maganar Malam Tukur. Ragowar fentin da littafin awon, a gidan wa za a ajiye? Ina tunanin in ba ɗaya daga gidajen nan biyu fentin, in ba ɗayan littafin.

Ɗan Auta:
Hajiya, ashe ke ce babbar mai zanen.

Gwaggo Mai Surfani:
Ki ba su, 'yata, amma kada ki gaya musu dalili.